"Ban ci komai ba, amma suga ya hau": fashin baƙi kan ƙofar da ke cikin hanta

Gwaggona ce ta yi tambayar, a tsakar gidanmu da ke Aboabo a nan Kumasi. Shekara 3 ke nan da aka tabbatar mata da ciwon suga. Ta daina sa suga a koko, ta rabu da lemon kwalba, har sobolon da take so ta haƙura da shi. Wani dare ta ƙi cin tuwo, ta kwana da ruwa kawai, saboda washegari ranar asibitinta ce kuma tana son likita ya ga lamba mai kyau. Bayan sallar asuba jikanta ya huda mata yatsa, na'ura ta nuna 9.4, lambar da ta yi yawa ga awon safe. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, tun la'asar ban sa komai a bakina ba. To wannan sugan daga ina ya fito?"

Da farko ta ce na'urar ce ta lalace. Wata maƙwabciya ta ce maganin asibiti ne ya daina aiki, a koma na gargajiya. Wata kuma ta rage murya ta ce a nemi malam, wannan ba haka kawai ba ne.

Irin wannan tambaya ta yawaita a zangunanmu, daga Asawase har Tafo, musamman tun 2023 da gwamnatin Gana ta sa harajin kashi 20 cikin 100 a kan abin sha mai zaƙi, maganar suga ta shiga bakin kowa. Mafi yawanmu mun ɗauka sugan jini shi ne wanda aka zuba a shayi. Amsar gwaggo kuwa tana ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama, a cikin hanta.

Sugan jini nawa ne?

Sugan da na'ura ke aunawa sunansa gulukos. Duk abinci mai sitaci, tuwon zafi ne ko wake da shinkafa ko fufu ko biredi, idan ya narke a hanji gulukos yake komawa, ko da bai yi zaƙi a baki ba.

Babban mutum yana da jini kimanin lita 5. Idan yana da lafiya, duk gulukos ɗin da ke yawo a wannan jini bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, wato cikin cokalin shayi guda. Ƙwaƙwalwa ita kaɗai kuwa tana cinye kusan giram 120 a yini, kuma ba ta da hutu, ko barci ake yi tana ci. Da abin da ke cikin jini kaɗai muka dogara da shi, da babu mai kai wa asuba a raye, balle a yi maganar azumi. Dole akwai inda ake ƙaro shi a kai a kai.

Wanda ya gano wurin shi ne Claude Bernard, masani ɗan ƙasar Faransa. A 1855 ya ɗauki hantar kare ya yi ta ɗura mata ruwa ta jijiyoyinta har sai da babu sauran suga a ruwan da ke fitowa. Ya ajiye ta ta kwana. Washegari ya sake gwadawa, sai ga suga ya dawo a hantar da aka wanke tas. A 1857 ya ware abin da hanta ke ɓoyewa, aka sa masa suna gilaikojin. Shi gilaikojin ƙwayoyin gulukos ne da aka sarƙe wuri ɗaya aka jibge, kamar damman gero a rumbu. Hantar babban mutum tana ɗaukar kimanin giram 100 na wannan ajiya, tsokoki kuma kimanin giram 400.

Mai ɗaurewa da mai kwancewa

A nan ne maganar enzayim ta shigo. Enzayim wani sinadari ne da jiki ke ƙerawa don ya gudanar da aiki guda ɗaya tak, ya yi ta maimaita shi cikin sauri ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Akwai dubbansu a jiki. Biyu ne suka shafi tambayar gwaggo.

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar dabbobi ya san dabaibayi. Dabba tana nan da ranta da ƙafafunta, amma ba ta iya barin wurin. Haka ake yi wa gulukos. Bayan an ci abinci, jinin da ya taso daga hanji yana fara biyawa ta hanta kafin ya wuce sauran jiki. Da gulukos ya shiga ƙwayar hanta, sai wani enzayim mai suna gulukokaines ya maƙala masa wani ɗan sinadari da ake kira fosfet. Wannan fosfet shi ne dabaibayin. Gulukos mai ɗauke da shi ba ya iya ratsa bangon ƙwayar ya koma jini. Daga nan sai ko a ƙone shi, ko a kai shi rumbu, ko a mai da shi kitse idan rumbu ya cika.

Gulukokaines yana da wata ɗabi'a mai ban sha'awa: ba ya zafin nama sai suga ya yi yawa. Idan jini na da kaɗan, sai ya lafa, ya bar wa ƙwaƙwalwa rabonta.

Na biyun shi ne babban abin da na zo faɗa. Sunansa gulukos-6-fosfates, aikinsa kwance dabaibayi. Idan ciki ya zama wayam, hanta takan fasa rumbunta, amma abin da ke fitowa daga rumbun har yanzu yana ɗaure. Sai wannan enzayim ya cire fosfet ɗin kafin gulukos ya sami hanyar fita zuwa jini. Cikin dare, a jikin mai nauyin kilo 70, ana sakin kimanin giram 8 a kowace awa, kusan cokalin shayi 2, kuma mafi yawansa daga hanta yake fitowa.

Rumbun hanta ba ya wuce kwana guda idan ba a ci abinci ba. Amma hanta ba ta jira ya ƙare. Tana ƙera sabon gulukos daga abubuwan da ba suga ba ne: daga furotin na tsoka, daga wani ɓangare na kitse, da kuma daga tsamin da tsoka ke fitarwa idan ta yi aiki. Hanyoyin biyu ne, na rumbu da na ƙira, amma ƙofar fita ɗaya ce, kuma wannan enzayim ne ke tsaye a bakinta. Ƙoda ma tana da shi, tana taimakawa idan yunwa ta yi tsawo, hanji kuma yana da ɗan kaɗan.

Tsoka ba ta da shi. Duk da ajiyarta ta ninka ta hanta sau 4, ba ta iya mai da gulukos ko ƙwaya ɗaya kai tsaye cikin jini. Abin da ya shiga tsoka na tsoka ne. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Wa ke ba da umarni?

A bayan tumbi akwai wata gaɓa mai suna fankiriyas, ita ke aiko da saƙo biyu. Insulin yana cewa hanta: abinci ya zo, ɗaure ki ajiye, rufe ƙofa. Gulukagon yana cewa: babu komai a ciki, buɗe. Tsoro da tashin hankali ma suna da nasu saƙon. Bahaushe kan ce hantar cikin wane ta kaɗa idan ya firgita, kuma maganar ba ta yi nisa da gaskiya ba, domin sinadarin adirenalin da firgita ke saki yana sa hanta ta fasa rumbu nan take don a sami ƙarfin gudu ko kokawa. Shi ya sa mai ciwon suga kan ga lambarsa ta hau a makon da aka yi rasuwa ko rikicin gida, alhali cimarsa ba ta canza ba.

A ciwon suga nau'i na 2, wanda shi ne na mafi yawan manyanmu, insulin yana nan amma hanta ta yi masa kunnen ƙashi. Saƙon rufewa yana zuwa, ba a ji. Gulukagon kuma ya yi yawa. Sai hanta ta ci gaba da ƙera suga tana saki kamar ana cikin fari, alhali jini ya riga ya cika. Binciken da aka yi kan hantar masu wannan ciwo ya nuna aikin mai kwancewa ya ƙaru, na mai ɗaurewa ya ragu.

Ga kuma abin da ke faruwa gab da asuba. Daga wajen ƙarfe 3 na dare zuwa hantsi jiki yana sakin wasu sinadarai, irin su kotisol, masu shirya mutum don tashi, kuma suna zuga hanta ta ƙara saki. Mai lafiya, fankiriyas ɗinsa sai ya ƙara insulin kaɗan, lamba ta tsaya inda take. Mai ciwon suga ba shi da wannan birki. To 9.4 ɗin gwaggo daga nan ya fito. Tuwon da ta ƙi ci ba shi da hannu a ciki, hantarta ce ta kwana tana aiki.

Me ke toshe wa hanta kunne? Babban abin zargi shi ne kitsen da ke taruwa a cikinta. Farfesa Roy Taylor na Jami'ar Newcastle a Ingila ya daɗe yana nuna haka. A gwajin da shi da Farfesa Michael Lean na Glasgow suka jagoranta, wanda aka wallafa a 2017, an sa masu ciwon da bai wuce shekara 6 ba a tsarin rage ƙiba mai tsanani ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya. Bayan shekara guda, kashi 46 cikin 100 sugansu ya sauko ƙasa da iyakar ciwon ba tare da maganin suga ba. Cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye, kashi 86 ne. Kada a ɗauka siriri ya tsira. Mutum na iya zama ba shi da jiki amma hantarsa na da kitse, kuma tumbin da muke yi wa kirari da alamar an samu sau da yawa shi ne alamar.

To me ya hana a toshe ƙofar?

Tambaya ce mai kyau, kuma akwai yaran da rayuwarsu ta amsa ta. A 1929 likitan Jamus Edgar von Gierke ya bayyana wata cuta ta yara masu kumburarriyar hanta. A 1952 Gerty Cori da mijinta Carl, waɗanda suka riga suka sami kyautar Nobel a 1947 kan binciken gilaikojin, suka gano dalili: an haifi yaran ba tare da mai kwance dabaibayi ba. Cutar tana samun kimanin jariri 1 cikin 100,000. Rumbunsu cike yake maƙil har ciki ya fito, amma awa 3 ko 4 bayan shan nono sai suga ya faɗi, yaro ya hau jijjiga. Jininsu yana yin tsami, kitse ya taru. Har yau babban abin da ke riƙe da su shi ne ɗanyen garin sitacin masara da ake dama musu a ba su kowane 'yan awanni, har da tsakar dare, domin yana narkewa a hankali.

Saboda haka ƙofar ba abokiyar gaba ba ce. Ita ke riƙe da mu tsakanin sahur da buɗa-baki. Abin da ake nema shi ne ta riƙa jin magana.

Wasu masana sun bi ta ɗaya gefen, suka ce a ƙara wa mai ɗaurewa ƙarfi. Magungunan farko da aka gwada sun zo da matsala, wasu suna kayar da suga fiye da kima, wasu suna ƙara kitse a jini, wasu kuma ƙarfinsu ya dushe bayan watanni. Sai a 2022 ƙasar Sin ta amince da ɗaya daga cikinsu mai suna dorzagliatin.

Maganin da ke hannunmu kuwa tsoho ne: metformin, wanda likitan Faransa Jean Sterne ya fara ba masu ciwon suga a 1957. Babban aikinsa rage wa hanta ƙirar sabon suga. Masana na ta muhawara kan ainihin inda yake kamawa a cikin ƙwayar hanta, amma ba sa jayayya kan cewa yana aiki. Yana cikin magungunan da katin inshorar lafiya na ƙasa ke ɗauka. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda mutane ke ajiye shi da hujjar "ai yau ban ci abu mai nauyi ba". Wanda ya fahimci cewa maganin hanta yake lallashi, ya san kwanon tuwo ba shi kaɗai ne ma'auni ba. Yakan ɓata ciki a farkon shansa, shi ya sa ake cewa a sha tare da abinci, kuma likita kan duba lafiyar ƙoda kafin ya ci gaba da bayarwa.

Gwanja kusa

Akwai wani itace da kakanninmu fatake suka sani a hanyar goro. Idan sun fara ganinsa sun san sun kusa ƙasar Gwanja, sai suka sa masa suna gwanja kusa. Mutanen Asante na kiransa ankye, kuma daga wannan yanki aka kai shi Jamaika inda ya zama abincin ƙasa. Ɗansa idan ya nuna ya buɗe da kansa ana ci. Ɗanyensa kuwa yana da guba da ke hana hanta ƙera sabon suga. Yaron da ya ci shi da yunwa, rumbun hantarsa ƙarami ne, nan da nan ya ƙare, ƙira kuma an tsayar da ita. Sai amai, sai suma. A 1998 ƙananan yara sun mutu ta wannan hanya a Burkina Faso. Itacen yana nan a garuruwanmu, don haka a gaya wa yara kada su fasa wanda bai buɗe ba.

Giya ma haka take yi wa hanta, tana dakatar da ƙirar suga, shi ya sa wanda ya sha da yunwa kuma yana kan maganin suga zai iya faɗuwa a ɗauka maye ne. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana kayar da sugan yara. Ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a Gana, idan ya kai ga ƙanƙancewar hanta yana rikita lissafin gaba ɗaya: bayan cin abinci suga ya hau sosai, da yunwa kuma ya faɗi. Wannan ne ya sa nake jin tsoron kwalaben da ake tallarsu a tasha da kasuwa da sunan wankin hanta. Babu wanda ya san abin da ke cikin yawancinsu, kuma duk abin da aka haɗiya hanta ce ke fara karɓarsa.

Ina laifin abinci?

Kada wani ya karanta wannan ya ce to tunda hanta ce, a kawo masa da pinkaso. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kitsen da ya toshe wa hanta kunne daga rarar abin da muke ci ya taru, kuma abin sha mai zaƙi yana kan gaba, domin rabin sugan da muke saya a kanti wani nau'i ne da ake kira furuktos, wanda hanta ce ke sarrafa mafi yawansa. Masu goyon bayan harajin nan suna da hujja a nan. Masu cewa haraji kaɗai ba zai yi ba su ma suna da tasu, domin bai taɓa kokon safe da ake cika wa suga ba, bai taɓa girman malmalar dare ba, bai kuma taɓa zaman shago daga safe har magariba ba.

Inda na saba da wasu masu ba da shawara a Facebook da WhatsApp shi ne kiran da suke yi a daina cin abincin dare kwata-kwata. Ga mai shan metformin kaɗai, haɗarin faɗuwar suga kaɗan ne. Ga mai allurar insulin ko mai shan glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, kwana da yunwa na iya kai shi ga suma cikin barci, domin waɗannan suna rufe ƙofar hanta ko an ci ko ba a ci ba. Shawara ɗaya ba ta yi wa kowa.

Abin da ya shafi mai ciwo da mai jinya

Na'urorinmu a Gana milimol suke nunawa. 'Yan'uwa da ke Najeriya sukan faɗi lambobi kamar 126, to a ninka tamu sau 18 sai a sami tasu. Awon safe kafin a ci komai idan ya kai 7.0 ko ya wuce, kuma aka sake gwadawa wata rana aka sami haka, ciwon suga ne. Ƙasa da 3.9 kuwa suga ya faɗi, a nemi abu mai zaƙi nan take. Awon safe labarin hanta yake bayarwa, awon awa 2 bayan abinci labarin kwano. Akwai kuma gwajin HbA1c da ke nuna matsakaicin sugan watanni 2 zuwa 3, wanda kwana ɗaya da yunwa ba ya canza shi.

Da yawa ba su ma san suna ɗauke da ciwon ba. A binciken da Farfesa Albert Amoah ya jagoranta a yankin Akara, wanda ya fito a 2002, kashi 6.3 cikin 100 na manya aka samu da shi, kuma kusan 7 cikin kowane 10 daga cikinsu sai a ranar suka ji.

Azuminmu a nan awa 13 zuwa 14 ne kusan duk shekara, kuma a duk tsawon wunin hanta ce ke ciyar da ƙwaƙwalwa. Ƙa'idar da likitocin ciwon suga suka tsara don Ramadan ita ce a karya azumi idan lamba ta sauka ƙasa da 3.9 ko ta haura 16.6, kuma a je a daidaita magani tun cikin Sha'aban. Malamai sun yi bayani cewa huda yatsa don awo ba ya karya azumi.

Na ce zan dawo kan tsoka. Tunda ba ta da mai kwance dabaibayi, sugan da ta zuƙa ba ya komawa jini a matsayin suga, kuma tsokar da ke motsi tana zuƙa ko da insulin bai yi ƙarfi ba. Tafiyar minti 15 ko 20 bayan tuwon dare tana da amfanin da ake iya gani a na'ura. Mai iko ya taka zuwa masallacin da ya ɗan fi nisa don sallar isha, uwar gida ta zagaya layi da maƙwabciyarta.

Gwaggo ta je asibitinta ran nan, ta faɗa wa likita gaskiya cewa da yunwa ta kwana. Ya ce ta koma cin tuwonta da wuri, rabin abin da ta saba, miya ta fi yawa. Ya canza mata lokacin shan magani, ya rubuta mata gwajin watanni 3 da na hanta, ya kuma ce jikan nata ya riƙa rubuta lambar safe a littafi har mako 2 su dawo da shi.